'Yar Tsanar da Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Karatu: Romawa 5:6-11, Luka 15:1-24

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka tuna abin wasan da ka fi so a ƙuruciyarka? Wataƙila motar kara ce da ka ƙera bayan an yanke dawa, ka yi mata ƙafafu da sakaina. 'Yar'uwa, ke kuma wataƙila 'yar tsana ce ta tsumma wadda kakarki ta ɗinka miki. Kin goya ta da kallabi, kin yi mata tuwon ƙasa, kin kwana da ita.

Kwana a tashi ta yi dauɗa, hannu ɗaya ya tsinke. Da an kai ta kasuwa, ba mai taya ta ko da dala ɗaya. Amma ranar da ta ɓace, ba wanda ya huta a gidan. Aka ce za a sayo miki sabuwa ta roba, kika ce ke dai taki kike so. Me ya ba ta wannan daraja? Ba kyau ba ne, ba tsada ba ce. Taki ce, kina kuwa ƙaunarta.

Haka Allah yake da mu. Musa ya faɗa wa Isra'ilawa cewa ba don yawansu Ubangiji ya zaɓe su ba, gama su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Don ƙaunarsa ne kawai (Maimaitawar Shari'a 7:7-8). Manzo Bulus kuma ya nuna wa Romawa lokacin da Almasihu ya mutu dominmu: sa'ad da muke raunana, masu zunubi, har ma magabtan Allah. Bai jira mu gyaru tukuna ba.

Wataƙila yau kana jin kanka kamar tsohuwar 'yar tsanar nan. Ka faɗi cikin zunubin da ka yi alkawari ba za ka sake ba. Kunya ta hana ka zuwa sujada, ka ce sai ka shirya rayuwarka kafin ka koma. Ka lura da wannan: uwa takan ɗauki allura ta ɗinke 'yar tsana domin an riga an ƙaunace ta. Ƙauna ce ta fara zuwa, gyara ya biyo baya. A Luka 15 tunkiya ɗaya ta ɓace cikin 100, azurfa ɗaya cikin 10, ɗa ɗaya cikin 2, ba kuwa wanda maigidan ya ce a bar shi tun da akwai saura. Ɗan nan ya dawo a tsiyace daga kiwon aladu, amma ubansa ya rungume shi kafin a kawo riga mai kyau.

Sai dai misalin yana da iyaka. Yaro yakan girma ya manta da abin wasansa. Allah ba ya haka. Ta bakin annabi Ishaya ya ce ko da uwa za ta manta da jaririnta, shi ba zai manta da mutanensa ba (Ishaya 49:15). 'Yar tsana kuma ba ta iya amsa ƙauna, amma kai kana iyawa. Ƙaunar Allah ba izinin ci gaba da zunubi ba ce. Kira ne zuwa tuba. Ka zo yadda kake, yau, ka bar shi ya yi ɗinkin.

Abin tunani: Wane ne ka daina ƙauna domin ya lalace a idonka? Ka neme shi cikin makon nan.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin ka ƙaunace ni tun ban cancanta ba. Ga ni da dauɗata da raunukana. Ka wanke ni da jinin Ɗanka, ka gyara ni, ka koya mini in ƙaunaci waɗansu kamar yadda ka ƙaunace ni. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.