Madugu Uban Tafiya

A zamanin da fatake suke zuwa Gwanja sayen goro, ayari yakan yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga. Jagaba ne yake gaba yana nuna hanya, amma shugaban ayari shi ne madugu. Shi yake zaɓen zango, shi yake daidaitawa da sarakuna a kan kuɗin wucewa. In jaki ya gaza, ko wani ya kwanta ciwo, madugu za a tambaya.

To, 'yan'uwa, sanin hanya kaɗai ba ya mai da mutum shugaba. Mai sauri yana iya yin nisa, ya waiwaya ya ga ba kowa a bayansa. Shugaba yakan auna tafiya da ƙafar mai rauni, gama shi zai ba da lissafin kowa.

Wani zai ce, in an tsaya jiran kowa ai ba za a isa ba. Da gaskiyarsa. Amma mu duba Littafin Fitowa sura 18. Musa yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya naɗa amintattu bisa dubu, ɗari, hamsin da goma. Da haka mai rauni ya sami mai kula da shi kusa, tafiya kuwa ba ta tsaya ba.

Kai dattijon ikkilisiya, ke shugabar zumuntar mata, wa ya daina zuwa sujada a cikin naku? Wa kuka aika gidansa?