FARANTIN TALLA KO BENCIN AJI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya maza da mata, Ya sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana mai karatu, tambaya guda na zo maka da ita, kuma ina roƙonka don Allah kada ka yi gaggawar amsawa sai ka ji ƙarshen magana. Tambayar ita ce: sa'o'in nan na safe na ƙaramar 'yarka, daga ƙarfe takwas zuwa azahar, na wane ne? Naka ne, ko na mahaifiyarta, ko kuwa nata?

Ga abin da ya jawo tambayar. Wata safiya na fito daga gida nan Tudun Jukun za ni Kongo, wajen ƙarfe tara, sai na gamu da wata yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba, da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ga kuma rigar makaranta tana leƙowa ta ƙarƙashin hijabinta. Na ce, "Ke 'yammata, yau babu makaranta ne?" Ta ce, "Akwai, Malam. Inna ta ce sai na sayar tukuna in tafi." Na ce, "Yayanki fa?" Ta ce, "Shi tun da safe ya tafi." Na tambaye ta ajinta, ta ce huɗu. Sai na ciro takarda na rubuta sunan da ta gaya mini da manyan baƙaƙe, na ce ta karanta. Ta duba, ta sake dubawa, sa'an nan ta sunkuyar da kai. Wallahi ɗan'uwa, kunyar nan da ta rufe yarinyar ba tata ba ce, tamu ce, mu iyaye.

SUNA A RAJISTA, JIKI A KASUWA

Yau a Zariya da wuya ka sami uban da zai tsaya a gaban jama'a ya ce shi bai yarda 'ya mace ta yi karatu ba. Wannan gardama an kusa gama ta. Tun 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a ƙasar nan, aka sabunta shi a Sakkwato a 1999, sa'an nan a 2004 aka yi dokar da ta wajabta wa kowane yaro, namiji ko mace, shekara 9 a makaranta. To, mun kai sunayen 'ya'yanmu an rubuta. Amma fa rajista ba ta koyar da kowa. Kai yarinya makaranta daban, ba ta karatu daban.

Ka duba yadda karatun aji yake. Gini ne, tubali bisa tubali. Yau malama ta nuna baƙaƙe da wasula, gobe ta haɗa su su zama gaɓa, jibi gaɓoɓi su zama kalma. Haka lissafi: sai an iya tarawa za a iya sau, sai an iya sau za a iya rabawa. Galibi kuma waɗannan darussa masu nauyi da sassafe ake sa su, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba. Yarinyar da take isa aji ƙarfe goma, bayan ta zagaye kasuwar Tudun Wada da faranti, kullum ƙarshen darasi take tararwa, ba ta taɓa ganin farkonsa ba. Shekara ta zagayo a tura ta aji na gaba. Sai ta kai aji shida ba ta iya karanta sunanta ba, uban kuma ya ce, "Ai na sa ta, kanta ne ba ya ja." Subhanallahi! Ka ɗebe wa gini tubalan ƙasa, sa'an nan ka zargi bango da karkacewa?

ME SHARI'A TA CE?

Mu ba da ra'ayi muke magana ba, da hujja muke magana.

Na farko, a Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah Ya umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma an ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa hanyar wannan tsarewa ita ce a karantar da su a ladabtar da su. Iyali kuwa ba maza kaɗai ake nufi ba.

Na biyu, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Nu'umanu ɗan Bashiru. Mahaifinsa ya yi masa kyauta, ya je yana son Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya zama shaida. Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta. Ya ce a'a. Annabi ya ƙi shaidar, ya umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. To, in kyautar dukiya ga ɗa guda ta zama abin da Annabi ba ya shaidarta, ina ga wanda ya ba ɗansa namiji safiyarsa cikakkiya da littafin rubutu da fensir, ita kuwa macen ya ɗora mata faranti?

Na uku, a Sahihul Buhari, cikin Littafin Ilmi, ya zo cewa mata sun kai kuka wurin Annabi cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, sai ya ware masu rana tasu. Ka lura, lokaci ya ba su, wanda ba mai shiga cikinsa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Nana Hafsatu rubutu, da sanin Annabi. Nana A'ishatu kuwa hadisi 2,210 malamai suka ƙirga mata.

Na huɗu, a ƙasarmu ta Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke kwana suna wuni da almajiran waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kuma ya fara da gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata suna kai karatu ƙauyuka. Saboda haka duk mai cewa karatun mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo, tarihin gidansa ne bai sani ba.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Na san za ka ce, "Malam, kai ba ka san halin da ake ciki ba, da cinikin nan ake cefane, da shi kuma uwarta take tara mata kayan ɗaki." Na sani, ɗan'uwa, ni ma a unguwar nan nake sayen masara, ba kuwa zan raina talaucin kowa ba. Amma mu yi wa kanmu gaskiya. Ciyarwa a kan uba Allah Ya ɗora ta, gwargwadon ƙarfinsa, bai ɗora ta a kan yarinya 'yar shekara tara ba. Kayan ɗaki kuwa, abin da malaman Malikiyya suka ce shi ne amarya ta yi shiri gwargwadon sadakin da ta karɓa, ba a tilasta mata fiye da haka. Sauran duk, jerin kwanuka da kuloli da kujerun gasa, al'ada ce da tsoron bakin dangin miji. Watau mun sayar da wajibi mun sayi al'ada. Kwanon nan shekara nawa zai yi? Ana haihuwa biyu ya lotse, wani ma an sayar da shi ranar wata lalura. Abin da ta koya a aji kuwa, ko saki ko mutuwar miji ko gobara ba mai raba ta da shi. Ban da haɗarin da kowa ya sani, na yarinya ƙarama tana shiga gareji da shaguna da zaurukan samari ita kaɗai. In sana'ar ta zama dole, a kasa kayan a ƙofar gida bayan an tashi makaranta, a gaban idon manya, ko kai uban ka ɗauka ka kai wa mai shago sari.

Wani zai ce, "Islamiyya ta ishe ta, boko ɓata tarbiyya yake yi." Lalle Islamiyya ita ce gaba, domin sanin tsarki da salla farilla ne a kanta ita kanta. Amma ka gaya mini, rabon gado da me ake yinsa? Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi: ba lissafin nan ba ne da ake koyarwa a firamare? Macen da ba ta san sumuni ba, ta yaya za ta gane an ci mata haƙƙi ranar da mijinta ya rasu? Ta yaya za ta karanta takardar magani ta san cokali nawa za ta ba jariri? Kai da kanka, ranar da ka kai iyalinka asibitin Shika, ba ka ce a nemo maka likita mace ba? To, likitar nan daga aji ɗaya ta fara, wani uba ne ya haƙura da cinikin gyaɗarta.

Maganar cakuɗa maza da mata kuwa tsohuwa ce. Wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya taɓa sukar Shehu a kan halartar mata wurin wa'azinsa, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kamar yadda ya zo a Tazyinul Waraƙati. Gundarin amsar shi ne ba su yarda da cakuɗa ba, amma barin mata cikin jahilci ya fi muni. Ba su kori mata ba, wurin zama suka gyara. Kai ma sai ka yi haka: ka shiga kwamitin iyaye da malamai, ku nemi a ware wa mata layinsu a aji da makewayinsu mai ƙofa.

Wani kuma zai ce, "Ai ba a koyar da komai a makarantun." Wannan kuka yana da tushe. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 suka kasa kai makin da aka yanka. Amma ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka taka ƙafa ka gaisa da hedimasta? Yaushe rabonka da ka buɗe littafin 'yarka ka ga ko an duba aikinta? Gonar da mai ita ba ya leƙawa, ko ɗan ƙodago na kirki sai ya yi sanyi.

NASIHA GA MALAMAN AJI

In kai mai karatu malami ne ko malama, to ka sani albashinka na sa'o'in yaran nan ne. Ba ya halatta a ce mata ne kullum masu shara da ɗebo ruwa da goyon ɗan malama da zuwa sayo awara, maza suna zaune suna kwafar darasi. Shara tarbiyya ce, a raba ta daidai, a gama kafin a shiga aji. Sa'an nan ku lura da yarinyar da take laɓewa a bencin baya, ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu, domin an ce mata shiru shi ne kunya. Nana A'ishatu ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ku kira ta gaban allo, ku miƙa mata alli. Ku sa ta a muhawara da kacici-kacici da musabaƙa. Ko wasan guje-guje tsakanin 'yan'uwanta mata, cikin sutura, kada a hana ta, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'ishatu.

AMSAR TAMBAYA

Ka tuna Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. A makarantar firamare ta nan Tudun Wada ta fara karatu, amma ya yanke bayan rasuwar mahaifinta a 1943, aka yi mata aure tana shekara 13. Ko ka yarda da siyasarta ko ba ka yarda ba, ka san ta ƙare rayuwarta tana kira a bar yara mata su yi karatu, kuma yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Ita maraici ne ya fitar da ita daga aji. 'Yarka fa, da ubanta a raye, me ya fitar da ita?

Abin kunya ne ƙwarai a ce a unguwannin da suke maƙwabtaka da ginin Gaskiya da Kwalejin Barewa, a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ana samun 'yar aji huɗu da ba ta iya karanta sunanta ba.

To, amsar ita ce: safiyar nan tata ce. Allah Ya ba ta ita sau ɗaya, ba ta dawowa, kai kuwa mai tsaro ne kawai, kamar wanda aka ba ajiyar dukiyar yaro kafin ya girma. In ka kashe ta a cefane, ranar Alƙiyama za a tambaye ka, kuma mai ƙararka 'yar cikinka ce.

Saboda haka gobe da safe, in Allah Ya kai mu, ka tabbata ta fita tare da ɗan'uwanta, a lokaci guda, da littafi da abin rubutu. Da dare bayan lisha ka zaunar da ita ta karanta maka layi biyar. In kai ba ka iya ba, ka kira wanda ya iya ka saurara, domin zamanka kaɗai ya isa ya nuna mata abin yana da daraja. Ka zauna da mahaifiyarta cikin lalama ku sake shawara a kan kayan ɗaki, kada ka ɗora mata laifi alhali kai ne ka bar mata nauyin. Muslim ya ruwaito bushara ga wanda ya riƙe 'ya'ya mata biyu har suka balaga, cewa zai zo ranar Alƙiyama kusa da Annabi kamar kusancin yatsu. Wace riba ce a faranti da ta kai wannan?

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya yalwata mana arziki na halal, Ya ba mu ikon sauke amana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya gafarta mini da ku baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.