Hasarar da Ba a Ƙidayawa

Sa'ad da aka yi ɓarna mu kan tambaya, "Nawa aka ɗauka?" Amma a ganina akwai hasarar da ba ta shiga lissafi.

Ku tuna da ran 28 ga Maris, 2022, da 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna. Suka kashe waɗansu, suka kwashe waɗansu zuwa daji; na ƙarshe ba su fito ba sai watan Oktoba. Da yawa sun zaɓi jirgin ne domin suna tsoron hanyar mota. Jirgi kuwa ya tsaya har Disamba. To, dubban da ba su kasance a wurin ba fa? Ba a taɓa jikinsu ba, duk da haka an ƙwace musu barci.

Haka manomi a ƙasar Birnin Gwari ya kan bar gonarsa ta nesa, ya noma ɗan fili bayan gida. Hatsi ya ragu, mudu ya yi tsada, gwauruwa a birni ta kwana da yunwa, ita da ba ta taɓa ganin ɗan fashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙo. Iyayenmu su kan ba shi ruwa kafin su tambayi sunansa. Yanzu in ya ƙwanƙwasa da dare, mai gida ya kan yi shiru, gama yana da 'ya'ya a ciki. Ba na iya ba shi laifi. Amma na lura shi ma ba ya barci bayan sawun baƙon ya wuce.