Haƙƙin Itatuwan Fadamar Haɗeja a Kan Wa Yake?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, akwai wata irin ɓarna wadda idon mutum ba ya kama ta, saboda tafiyar hawainiya take yi. Wanda ya sare itaciya kowa ya gan shi, ana kuwa iya kai shi gaban alƙali. Amma idan kurmi ya yi shekara hamsin yana ramewa, manyan itatuwa na tsaye alhali babu ƙanana a ƙarƙashinsu, to, wa za a kama da laifi? Ko kuwa abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa ba shi da hisabi ke nan?

Fadamar Haɗeja ita ce misali mafi kusa. Tun zamanin kakanni, kogi kan cika da damina ya malala daga Auyo zuwa Kirikasamma, Guri da Nguru. Wannan ruwa shi ke nutsewa ya ƙosar da ƙasa, saiwar goruba ta same shi da rani, 'ya'yan bagaruwa kuma su tsiro a bayan janyewarsa. A shekarar 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, ga kuma farin 1973 da na 1984. Daga nan malalar ta ragu, kuma ta sauya lokaci da hanya. Inda ruwa ya koma kwanciya shekara sukutum, ciyawar kacala ta toshe magudanai, har ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta riƙa cin gonaki da gidaje. Inda ya daina zuwa kuwa, itatuwa suka shiga ƙishirwa, gatarin masu itace da gawayi ya ƙarasa sauran, har a gefen dajin Baturiya.

Ba a fahimtar irin wannan canji sai da dogon haƙuri. A ƙasar Jamus akwai filayen daji da masana ke auna itatuwansu tun wajen 1870, wani ya mutu ya bar wa wani littafin awo. A cikinsu akwai wata babbar itaciya da ake kira bic. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna tana girma da sauri fiye da yadda take a 1960, saboda ɗumin yanayi da tsawon lokacin tsiro. Sai wani binciken na 2018 ya nuna katakon ya rage nauyi, a wannan shekarar kuma fari ya ƙona da yawa daga cikinsu. Watau ganin ganye kore a shekara guda ba hujjar lafiya ba ce, sai an gwama shekaru da yawa gaskiya ke fitowa.

To, Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan rafukan Madina biyu, Mahzur da Muzainib: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Ashe na sama yana da haƙƙin fara sha, amma ba shi da ikon shanyewa. Babu mai musun amfanin da madatsun nan suka yi wa birnin Kano da manoman Kadawa, sai dai masunci da makiyayi da mai saƙar kaba a ƙasar Haɗeja su ne na ƙasa a wannan hukunci, kuma haƙƙinsu ba ya faɗuwa don nisan wuri. Haka nan a littafin an ruwaito Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya aika Sham sare itatuwa masu 'ya'ya. Abin da aka hana a fagen yaƙi, ina dalilin halatta shi a zaman lafiya?

Wani zai ce talauci ne ke sa mutum ya ɗauki gatari, uwargida kuwa ba ta dafa tuwo da wa'azi. Gaskiya ne, lalura tana sauƙaƙa hukunci, amma gwargwadonta ake ɗauka. Mai neman makamashin gidansa daban yake da mai cika manyan motoci da gawayi, nauyin hukuma mai riƙe da ƙofar madatsa kuma ya fi na su biyun. Yawan masu hannu a ɓarna ba ya shafe laifi, raba shi yake yi, kowa ya ɗauki nasa kaso daidai da ikonsa.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun bayan farin 1984, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe, har miliyoyin itatuwa suka dawo ba tare da an dasa su ba. Wanda ya bar toho ya san watakila ba shi zai sha inuwarsa ba, kamar yadda bai shuka tsamiyar da yake hutawa a ƙarƙashinta ba. Wannan ita ce amanar da ke tsakanin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda ba a haifa ba tukuna, kuma za a yi tambaya a kanta.

Allah ya ba shugabanni ikon adalci a rabon ruwa, ya ba talakawa wadatar zuci, ya albarkaci ƙasar Haɗeja da mutanenta. Amin.