Wa Aka Ɗauke Wa Alƙalami?

 Iyayenmu dattijai da 'yan'uwanmu samari, yau muna so mu kawo gabanku wata mas'ala da ta daɗe tana ci mana rai. Wata mata ce ta kawo mana ita har ƙofar makarantarmu a nan Jarwal, kuma ba mu ɓoye muku ba, ta kā da mu.

Wata rana bayan la'asar muna cikin biya wa yara karatu, sai ga wannan baiwar Allah riƙe da hannun ɗanta, yaro kamar ɗan shekara takwas, tsaf da shi, idonsa sai kai da komowa ya ke yi a kan alluna. Ta yi sallama, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce karatu ta kawo shi. Muka tambayi yaro sunansa, shiru. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ya ji. Zazzaɓi ya kwantar da shi yana ɗan shekara biyu, da ya tashi sai ya tashi ba kunne."

Muka ce, "Hajiya, sai haƙuri. Karatun nan namu da kunne a ke ɗaukarsa, ga yara kuma sun fi arba'in, malami ɗaya. Irin waɗannan ai Allah ya ɗauke musu." Ta yi godiya ta tafi. Mako ya kewayo ta komo, muka maimaita mata. A zuwa na uku ta ce, "Malam, yau tambaya na zo yi. In yaron nan ya balaga, salla ta hau kansa ko ba ta hau ba?" Muka ce hankalinsa lafiya lau ya ke, in ya fahimce ta ko da ta ishara ne, ta hau. Ta ce, "To, wa zai fahimtar da shi? Ni ban yi karatu ba, ubansa tun asuba ya ke fita nema. Ranar tambaya zan ce na kawo shi sau uku. Ku me za ku ce?"

Ba mu da abin cewa. Shi ya sa muka komo muka buɗe littattafai, ga kuma abin da muka gano.

Gaskiya ne shari'a ta yi sauƙi ga mai lalura. A cikin Suratun Nur da Suratul Fathi an ɗauke ƙunci daga kan makaho da gurgu da majinyaci, hadisi kuma ya nuna an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Amma ku duba da kyau, wa aka ɗauke wa? Shi mai lalurar. Babu inda aka ce an ɗauke wa ubansa, ko malamin unguwarsu, ko masu kuɗin garinsu. Mu ne muka ɗauki rangwamen da aka yi wa yaro muka sa a aljihunmu, kamar ɗan aike da aka ba shi kyautar maraya ya cinye a hanya. In muka bar kurma cikin duhu har ya mutu bai san alƙibla ba, shi yana da hujja a gaban Ubangijinsa. Hujjar tasa kuwa a kanmu za ta faɗa.

Littattafan fiƙihun da mu ke karantarwa kullum su ma shaida ne a kanmu. Malamai sun ce isharar bebe, in ana gane ta, tana tsayawa a matsayin magana cikin aurensa da sakinsa da cinikinsa. Sun ce makaho ya yi limanci, a mazhabarmu ta Malikiyya ma a kan karɓi shaidarsa kan muryar da ya tabbatar. To, shari'ar da ta yarda mutum ya ɗaura aure da yatsunsa, ya saya ya sayar da su, ashe ta ɗauke shi cikakken mutum ne. Ƙaƙa za a ce ya isa ya saki mata, amma bai isa a koya masa hukuncin saki ba?

Wani zai ce, Malam, ai uzurinka mai ƙarfi ne, yara arba'in ba a bar su saboda ɗaya ba. Mu ma haka muka ɗauka, sai muka tuna da abin da ya faru a wannan gari da mu ke zaune cikinsa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana zaune da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, domin musuluntarsu za ta jawo ta jama'a mai yawa. Sai ga Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo neman a koya masa. Wane uzuri ya fi wannan ƙarfi? Duk da haka Suratu Abasa ta sauka a kan wannan al'amari, kuma har yau ita ce yaranmu ke rerawa a izu na biyu daga ƙasa. Wannan makaho daga baya ya zama ladan tare da Bilal, Manzo kuma ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Mun biya wa yara wannan sura ba iyaka, sa'an nan muka sallami mai irin bukatarsa daga bakin ƙofa. Laifi tudu ne, mun take namu.

Akwai kuma masu cewa matar nan ta cika naci, da ta rungumi ƙaddara ta zauna a ɗaki. Ga amsa. Buhari ya kawo labarin wata baƙar mata mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzo neman addu'a. Aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri wanda sakamakonsa Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Amma ba ta tashi ba sai da ta roƙa a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya tashi, aka kuwa yi mata. Watau ta haƙura da abin da ba shi da makawa, ta nemi gyaran abin da ke gyaruwa, ba wanda ya ce haƙurinta ya ɓaci. Uwar yaron nan ta haƙura da kunnen ɗanta tun shekara shida da suka wuce. Jahilcinsa ne ta ƙi haƙura da shi, wannan kuwa aikin mutane ne.

Ku san ko wa ya ruwaito wannan hadisi daga Ibn Abbas? Aɗa'u ɗan Abi Rabah ne, muftin Makka, wanda ya rasu wajen shekara ta 114 bayan hijira. Masu tarihi sun siffanta shi: baƙar fata ne kamarmu, gurgu, mai shanyayyen hannu, mai ido ɗaya, daga ƙarshe ya makance gaba ɗaya. A zamanin Banu Umayya a kan yi shela lokacin aikin haji cewa kada kowa ya ba da fatawa sai shi. Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik da kansa ya zo da 'ya'yansa suka zauna gabansa suna tambayar hukuncin haji. Da a ce ranar da ya fara jan ƙafa zuwa majalisin Ibn Abbas an ce masa ya koma gida Allah ya ɗauke masa, da Makka ta yi hasarar da ba ta san ta yi ba.

Amma a nan muna so mu yi wa kanmu linzami, kada a ce dalilin karantar da yaro shi ne watakila ya zama Aɗa'u. Yawancinsu ba za su zama ba, kamar yadda yawancin masu ji da gani ba su zama ba. Akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ke da jinkiri, wanda zai shekara kafin ya riƙe Fatiha, ya iya alwala, ya iya ƙirga canjinsa a kanti. Wannan ma haƙƙinsa cikakke ne. Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai ɗan taɓin hankali ta ce wa Manzo tana da bukata, ya ce ta zaɓi duk hanyar da ta so, ya tsaya da ita har ta gama. Ba don wata riba da za a samu daga gare ta ba. In muka auna yara da mudun riba, to mun zama 'yan kasuwa, sai mu sauke rawani.

Saura maganar cewa ba a iya karantar da su. Da can watakila a saurari mai wannan magana, yanzu kuwa kwana ya ƙare mata. Wani Bafaranshe makaho, Louis Braille, ya ƙago rubutu na ɗigo shida da a ke shafawa da yatsa, ya fitar da shi a 1829, yanzu har Alƙur'ani a ke bugawa da shi. A nan Saudiyya waɗansu makafi suka fara koyon wannan rubutu da dare a Riyad a 1958. A 1960 Ma'aikatar Ilmi ta buɗe musu Ma'ahadun Nur, a 1962 ta kafa sashe na musamman domin irin wannan karatu, a cikin waɗannan shekaru kuma aka buɗe irinta a nan Makka. A 1964 aka buɗe Ma'ahadul Amal domin kurame, a 1971 aka buɗe ta masu raunin fahimta. Daga baya aka shiga buɗe musu azuzuwa a cikin makarantun sauran yara. Ƙasar ta yi dokar kula da naƙasassu a shekara ta 2000, ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Shaihu Ibn Baz, wanda ya riƙe muftin ƙasar daga 1993 har rasuwarsa a 1999, tun yana saurayi ya rasa ganinsa. A gida ma an buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953, a Kano akwai ta Tudun Maliki, kuramen Hausa kuwa suna da harshensu, maganar hannu, wanda su ke hira da gardama da shi a dandalinsu.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ƙofar makarantar gwamnati takarda ke buɗe ta, da yawa daga cikin mutanenmu kuwa an haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, amma igamarsu ta mutu ko ba su taɓa samunta ba. Yaro mai lafiya in ya rasa takarda yana da makarantar allo da ta sa-kai. Kurma da makaho in suka rasa takarda, mu kuma muka juya musu baya, ina su ke nufa? Kowa ya san amsa, domin kowa ya ga ƙanananmu masu lalura a bakin hanyoyin Harami da hannu a miƙe. Mu kan ji kunya in baƙi suka nuna su suka ce 'yan Takari ne. Kunyar ta dace da mu, amma ba domin an gan su ba. Tarihi ya ce Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora, ya yanka wa kutare albashi ya hana su roƙo. Ya ba da kafin ya hana. Mu muna so mu hana ba mu ba da kome ba.

To, ga abin da mu ke roƙon ƙungiya. Na ɗaya, a bi gida gida a san yaran nan, domin waɗansu an ɓoye su a ƙuryar ɗaki saboda gorin maƙwabta, mata ne kuwa za su iya wannan aiki. Na biyu, wanda takardarsa ke da rai a sami mai Larabci ya raka iyayensa har ofishin ilmi, ya cika musu takardu, kada a bar uwa ita kaɗai tana yawo daga taga zuwa taga. Na uku, a zaɓi samari biyu da 'yan mata biyu su koyi maganar hannu da rubutun makafi, a biya su daga asusu kamar yadda a ke biyan kowane malami. Ilmin da jama'a ke bukata farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A sa wannan kuɗi a layin bashi, kada a sa shi a layin sadaka, domin sadaka ranar da aljihu ya yi nauyi a ke tunawa da ita.

Ku kuma samari, ku bar kiran mutum da ciwonsa. Yana da sunan da aka raɗa masa ran suna, aka yanka rago kamar naku.

Yaron nan yanzu yana zaune a sahun gaba, inda ya ke ganin bakin malami. Uwarsa ce ta koya mana isharar da su ke yi a gida, ta ruwa da ta abinci da ta barci, muka ɗora a kai. Ya iya alwala da kallo cikin kwana uku, ya fi waɗansu masu kunne kyautata ta. Harufa kuwa muna ta fama, yau a ci gaba gobe a koma baya, kuma mun san abin da mu ke ba shi bai kai rabin haƙƙinsa ba. A wannan unguwa tamu rijiyar Zi Ɗuwa ta ke, inda Manzo ya kwana ya yi wanka kafin ya shiga Makka. Ba ya kyautu a ce maƙwabtan wannan rijiya sun kori mai neman sanin tsarki.

Allah ya saka wa wannan mata da alheri, ya yafe mana zuwanta biyu na farko.