Wasiyya ga Muridai bisa Haƙƙin Namun Dawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci dawa da abin da ke cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai na Damri da Bakura da Mafara da Maradun, ku sani ba ku kaɗai ke zikiri ba. Barewa da jimina da raƙumin dawa duk suna tasbihi ga Ubangijinsu, kunnenmu ne ba ya ji. Wanda ya share dawa har sunka ƙare, ya watsa majalisin zikiri, ko da carbi na hannunsa.

Fasali. Ku dubi Bakolori. Da anka gama datse Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya ci gonaki da daji ta sama, fadamun ƙasa sunka rasa ambaliyar da ke rayar da su, kifi ya ragu. Manoma sun tashi don gonakinsu a 1980, har anka zubar da jininsu. Dabba kuwa ba ta da bakin kai ƙara, sai ranar hisabi.

Ku dubi kuma ƙasar Nijar. Raƙuman dawa na yammacin Afirka sun ƙare ko'ina, sai 49 sunka saura wajen Kure, kusa da Yamai, a 1996. Da anka hana farautarsu, talakawa sunka yi haƙuri da waken da suke ci musu, sunka haura 600. A 2018 an kai 8 dajin Gadabeji cikin ƙasar Maradi. To, halaka da raya duk Allah ya sanya sababinsu ga hannun bawa.

Fasali. Annabi ya sanya Madina hurumi, ba a sare itacenta, ba a farautar naman dawanta. Saboda haka, ya kai muridi, kada ka sa wa daji wuta don gafiya. Kada ka sare gawo ko kanya don gawayi. Kada ka nome burtali da mashaya. In an zo neman fili don hanya ko haƙar zinariya, ka tsaya gaban hakimi da ladabi, ka roƙi a bar wa dabbobi rabonsu. Wanda bai ji tausayin marar baki ba, wuridinsa bai wuce harshe ba.

Allah shi sanya mu cikin masu riƙon amana, shi gafarta muna. Amin. Tammat bi hamdillahi.