Gida Ba Ya Ginuwa Da Fatar Baki: Nasiha Ga Sababbin Ma'aurata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, nasiharmu a wannan fitowa tana fuskantar ango da amarya waɗanda suka fara zama a ɗakin haya, suna burin Allah Ya mallaka musu nasu muhalli. Wannan buri ne mai kyau. A Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya lissafa gidaje cikin ni'imominSa, domin a cikinsu ɗan Adam yake samun natsuwa.

Kowa ya san halin da muke ciki a Nima da Mamobi da Ashaiman da Aboabo. Gidan gado guda ɗaya, magada ashirin. Wanda ya fita haya kuwa, Dokar Haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi adibans fiye da na wata shida, amma da yawansu na shekara biyu suke nema. Kafin ma'aurata su gama biyan bashin adibans ɗin farko, lokacin na biyu ya ƙarato. Haka mutum zai wayi gari da furfura da 'ya'ya biyar, bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba.

Wasu daga cikinmu sukan ce tanadi rashin tawakkali ne. Wannan kuskuren fahimta ne. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Wa ya kai shi tawakkali? Annabi Yusufu (AS) kuwa ya shawarci mutanen Masar su adana amfanin gonar shekaru bakwai na yalwa saboda shekaru bakwai na fari. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya yabi bayinSa da cewa suna tsayawa tsaka-tsaki wajen kashe dukiya, babu ɓarna babu ƙwauro. Saboda haka tsara kuɗin gida ibada ce idan niyya ta gyaru.

Mataki na farko shi ne gaskiya tsakanin miji da mata. Maigida da ke ɓoye wa matarsa abin da yake samu, ya za a yi ta tausaya masa wajen cefane? Ku zauna ku biyu bayan sallar isha'i, da littafi da alƙalami. Ku rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita har wata guda, har kuɗin koko da ƙosai, da na torotoro, da katin waya. Ƙarshen wata za ku ga inda kuɗinku suke zurarewa, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mataki na biyu, a cire kason gida tun ranar da kuɗi suka shigo, kafin a taɓa komai. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba abin da zai rage. Bari mu buga misali da gidan da yake samun sidi 3,000 a wata. A ware 600 don gini, 500 don adibans mai zuwa, 1,100 cefane, 400 mota da wuta da ruwa, 200 iyaye da zumunci, 200 kuma don rashin lafiya. Wannan 600 ɗin ita ce 7,200 a shekara, 36,000 a shekara biyar. Wanda samunsa bai kai haka ba, ya ware kashi ɗaya cikin goma. Da yayyafi kogi kan cika.

Mataki na uku shi ne mafi ɗaci, wato toshe ƙofofin ɓarna. Ya 'yar'uwa, kowane aure da kowane suna da atamfar yayinsa, ga kuɗin tela, ga liƙi. Idan kin yi yayi shida a shekara, ki lissafa bulo nawa kika ɗinka kika rataye. Halartar walima sunna ce, amma babu malamin da ya ce sai da sabon zane. Ya ɗan'uwa, kai ma ba ka tsira ba. Sabuwar waya duk shekara, hidimar ataya a majalisa kullum, da kuma cacar ƙwallo wadda ta cinye aljihun samarinmu, alhali Allah Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Suratul Isra'i ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Muna yin yawancin waɗannan abubuwa ne don tsoron bakin mutane, kuma ranar da mai gida ya fitar mana da kaya waje, masu bakin ba za su ba mu ɗaki ba.

Sai dai a kula, tanadi bai halatta ƙuntata wa iyali ba. Ci da sha da sutura da maganin mace wajibi ne a kan miji, haka nan haƙƙin iyaye. Kuma abin da mace ta samu a sana'arta nata ne. Idan ta zuba kuɗinta a cikin fili ko gini, a rubuta kasonta da shaidu, ko bashi ne ko tarayya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Zawarawa nawa ne suka yi kuka ranar rabon gado saboda ba a rubuta ba?

Ina za a ajiye kuɗin? Susu na zagaye tsakanin amintattun mutane ba shi da riba, kuma yana tilasta wa mutum ajiya. Amma mu guji duk wanda ya yi alkawarin ninka mana kuɗi muna kwance. Ba mu manta da Menzgold ba, wanda hukuma ta dakatar a 2018, dukiyar jama'a ta maƙale. A 2019 kuma Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance har 347. Bashin banki mai kuɗin ruwa shi ma ba mafita ba ne ga Musulmi, domin gidan da aka aza harsashinsa a kan riba ba a sa ran albarka a cikinsa.

Kada kuma a bar kuɗi su daɗe a kwance. A Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ya haura kashi 54 cikin ɗari, wanda ya ajiye takardar sidi ya ga ta narke a hannunsa. Da zarar ajiya ta kai, a sayi fili, ko da a nesa ne kamar Kasoa ko Amasaman. Kafin a biya ko sisi, a je Hukumar Filaye a bincika, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku sananniyar masifa ce. A karɓi takardun yarjejeniya da taswirar fili, a yi rajista. Dokar Filaye ta 2020 ta haramta aikin 'yan daban tsaron fili, don haka kada ɗan zango ya ɗauke su haya, kada kuma ya zama ɗayansu. Bayan fili sai bulo. Siminti ba ya jure ajiya, yana daskarewa, gara a buga shi bulo. A fara da ɗaki ɗaya da falo da bayan gida, a tare, kuɗin haya ya koma na ƙarin gini.

Daga ƙarshe, kada a manta da haƙƙin Allah. Kuɗin da ake tarawa don gini, idan sun kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo a kansu, akwai zakka ta kashi biyu da rabi cikin ɗari. Filin da aka saya don zama da gidan da ake ciki babu zakka a kansu. Zakka ba ta rage dukiya, tsarkake ta take yi.

Muna kira ga kowane ango da amarya su buɗe littafinsu a wannan wata. Muna roƙon iyayenmu mata da ƙawayen amare su sassauta hidimar biki. Allah Ya azurta mu da halal, Ya ba mu matsuguni mai albarka a duniya, Ya sa gidanmu na ƙarshe ya zama Aljanna Firdausi. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.